Garin da Dogon Cikinsa Bai Kai Inci Ɗaya Ba

A ƙauyen Long Wittenham, kudu da birnin Oxford a Ingila, akwai wani gidan tarihi mai suna Pendon. Duk wanda ya hau benensa zai tarar da karkara guda a shimfiɗe a bayan gilashi, tsawonta kusan mita 21: gidaje masu jinka, rumbuna, gonaki, lambun kayan miya a bayan gida, ga layin dogo ya ratsa, jirage na kai da kawowa. Mutumin da ya fi kowa tsawo a wannan gari bai cika inci ɗaya ba. Ƙofar ɗakinsa kuwa tsayinta milimita 26 ne.

Jiragen ne ke fara ɗaukar ido, domin su ne ke motsi. Amma ba a jimawa baƙo yake mantawa da su, ya matso da fuska jikin gilashi yana leƙen gidajen. Babu ko ɗaya da aka sayo a kanti. Kowanne daga wani gida na gaske aka auno shi, aka yanka shi a farin kwali, aka tsaga layukan tubalinsa, sannan aka bi tubalan ɗaya bayan ɗaya da fenti.

Ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki tsohuwar sha'awa ce a Turai da Amurka da Japan, kuma yawancin masu yin ta manya ne, har da masu furfura. Mutum zai ware ɗaki ko gareji, ya kafa faffaɗan tebur, ya shimfiɗa layin dogo, ya kewaye shi da tuddai da itatuwa da gari. Kan jirgi da taragu galibi saye ake yi, daga kamfanoni irin su Hornby na Ingila da Märklin na Jamus. Gidajen ma ana sayar da su: Faller na Jamus yana yin na roba, Superquick da Metcalfe na Ingila suna yin na bugaggen kwali, mai saye ya ɓalle gutsattsarin ya manna. Aibin wannan sauƙi shi ne, duk wanda ya saya gida ɗaya ya saya. Sai a je bajekoli a ga tasha iri ɗaya a tebur goma, wani ya ce tasa a Wales take, wani ya ce a Scotland. Kuma babu kamfanin da zai ɓata kuɗinsa ya ƙera shagon kakan wani, ko tashar wani ƙauye da aka rushe tun 1965.

Wannan ne ya sa wasu suka ce su kam da hannunsu za su gina tun daga tushe. Ba sa sayen komai sai kwali, siririn katako, fallen roba, gam da fenti. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya feƙe karan dawa ya haɗa mota da ɓawo da totuwa ya san irin zuciyar da ke wannan aiki, sai dai a nan rula ce ke mulki.

Komai da awonsa. A Ingila awon da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira OO, inda milimita 4 ke tsayawa a madadin ƙafa ɗaya, wato an rage abu sau 76. A Amurka da sauran Turai HO ne ke gaba, sau 87. Akwai ƙarami, N, wanda ke tsakanin sau 148 da 160, akwai kuma babba, O, mai sau 43 zuwa 48. Abin dariya shi ne, OO ɗin da Turawan Ingila ke alfahari da shi a gurguje aka haife shi: jiragen ƙasarsu sun fi na sauran Turai ƙanƙanta, injin lantarki na wancan zamani bai shiga cikinsu ba, sai aka ƙara girman jikin jirgin aka bar shi a kan layi mai faɗin milimita 16.5, alhali daidai ɗinsa ya kusa 19. Masu tsantseni irin mutanen Pendon sun ƙi wannan, suna shimfiɗa nasu layin mai faɗin wajen milimita 18. Magini dai bai da wannan damuwa. Shi abin da ya sani, jan bulon Ingila tare da simintinsa inci 9 ne a tsawo, inci 3 a tsaye, don haka a awon OO ya koma milimita 3 da milimita 1.

A yi lissafi. Bangon gida mai faɗin mita 6 da tsayin mita 5 yana nuna fuskar bulo wajen 1,800. A awon OO wannan bango bai kai santimita 8 a faɗi ba. Bango ɗaya ke nan, kuma gida bango huɗu gare shi.

Wanda ya jawo wa mutane wannan wahala mai daɗi a Pendon ba ma ɗan Ingila ba ne, duk da sunansa. Roye England an haife shi a birnin Perth na Ostireliya a 1906, ya sauka Ingila a 1925 yana saurayi. Ya zauna a yankin da ake kira Vale of White Horse, wato kwarin da ke ƙarƙashin tudun nan da aka zana ƙaton doki a farin allinsa tun kusan shekara dubu uku da suka wuce. Ta wannan kwari babban layin dogon kamfanin Great Western ya bi daga Landan zuwa Bristol. Abin da baƙon ya gani ya tafi da hankalinsa: gidaje na farin dutsen alli da jan bulo, rufin ciyawa mai kauri, dawaki na jan garma. Abin da ya ƙara gani kuma ya tayar masa da hankali. Ana yaye jinka ana maye gurbinta da kwano da asbestos, hukuma na yanke wa tsofaffin gidaje hukuncin rushewa saboda rashin tsafta, tarakta na korar doki. Mazauna gidajen ba su yi kuka ba, kuma da gaskiyarsu, domin wanda ruwa ke ɗiga masa a gado ba ya ganin kyan jinka. Shi Roye ya san ba zai hana kowa gyara gidansa ba. Sai ya hau kekensa da ma'auni da kyamara da littafi, ya shiga bin ƙauyuka yana auna abin da ya rage.

Gininsa na farko wata tsohuwar mashaya ce ta ƙauyen Wanborough kusa da Swindon, wadda ya ga ana sauya mata kama. Ya fara ta a 1931, ya sa mata suna Waggon and Horses, ta ci masa shekara biyar. A 1954 ya samu wani tsohon gini a Long Wittenham, ya mai da shi masaukin matasa matafiya, ya fara nuna aikinsa a can, daga nan Pendon ya samo asali. Abokai suka taru: Guy Williams ya ɗauki ƙera kawunan jirage, Ken Budd ya ɗauki taragun fasinja. Ƙauyen da suka gina, Pendon Parva, babu shi a taswira. Gidajensa daga ƙauyuka daban-daban na kwarin aka tattaro su aka jera su yadda za su zauna da juna, kamar yadda suke a shekarun 1930. Roye ya rasu a 1995 bai ga ƙarshen aikin ba, 'yan sa kai suka ci gaba. A yau wasu daga cikin gidajen da ya auna an rushe su, wasu an sauya su har ba a gane su, sai a kwalin Pendon kaɗai ake ganin yadda suke a da.

Masu wannan sana'a suna cewa yanka shi ne mai sauƙi, kallo ne mai wuya. Idan ginin yana nan, magini zai je da tef da sanda mai alamar awo, ya jingina sandar a bango ya ɗauki hoto, ya rubuta faɗin taga da nisanta daga kusurwa. Idan kuwa ginin ya tafi, sai tsohon hoto, to ƙirgen bulo ake komawa. Tunda layi huɗu na bulon Ingila ƙafa ɗaya ne, wanda ya ƙirga layi 64 daga ƙasa zuwa bakin rufi ya san tsayin bangon ƙafa 16 ne, wato milimita 64 a teburinsa. Ba ƙirge kaɗai ba, har da yadda aka ɗora bulon. A wani salon ana yin layi guda na bulo a kwance da tsawonsa, layi na sama a juya kawunansu waje. Gadoji da gine-ginen layin dogo sun fi yawa a wannan. A wani salon kuma dogo da kai ake jerawa bi da bi a layi ɗaya, shi aka fi gani a gidajen da ake so su yi kyau. Mai kallo na yau da kullum ba zai iya faɗin bambancin ba, amma idan aka yi kuskure zai ji wani abu bai zauna ba.

Bayan awo sai zane. A Pendon ana zana bangon a kan farin kwali mai kyau, a yanke gurbin tagogi da ƙofofi da sabuwar aska tun kwalin yana kwance, sannan a bi layukan siminti da tsinin ƙarfe marar kaifi, a danna ba a yanka ba, yadda kowane tubali zai ɗan taso. Sai a wanke bangon duka da fentin ruwa launin siminti. Idan ya bushe, a ɗauki burushi mafi siranta a fara bin tubalan. Ba launi ɗaya ake ba su ba, domin bulon da aka gasa a tsohon murhu bai taɓa fitowa iri ɗaya ba: wanda ya kusanci wuta ya yi duhu har ya ɗauki shuɗi, na gefe ya tsaya ja mai haske. Wannan bambanci ne ke sa bango ya yi rai. Wanda ya shafe shi da ja ɗaya, kwali mai fenti kawai ya samu.

Ba kowa ke da wannan haƙuri ba, kuma ba laifi. Akwai takarda mai hoton bulo da ake mannawa, akwai fallen roba mai tubalan a tashe da kamfanoni irin su Slater's da Wills ke yi, akwai masu shafa yumɓu mai bushewa da iska a jikin kwali su sassaƙa duwatsu kafin ya ƙame. Roba ba da gam ake haɗa ta ba, da wani ruwa ne mai narkar da fuskarta har falle biyu su zama ɗaya.

Kowane kaya da halinsa, amma duk sun haɗu a mugun hali guda: lanƙwasa. Kwali idan ya sha danshin gam ko fenti ta fuska ɗaya sai ya karkace. Roba ma idan tururin ruwan haɗinta ya maƙale a tsakani, bayan watanni sai bango ya yi ciki. Dabarar ita ce a haɗa falle uku maimakon biyu, na waje da na ciki su ja daidai da juna, a huda ƙananan ramuka ta ciki don tururi ya fita, a kuma sa daɓen bene da bangayen ɗakuna a ciki ko da ba wanda zai gan su, don su riƙe ginin. Tsofaffin maginan kwali sukan jiƙa shi da fanis ya yi tauri.

Taga ce ke tona asirin magini. Sandunan da ke raba gilashin tagar gaske kaurinsu bai wuce inci ɗaya ba, a awon OO kashi ɗaya cikin uku na milimita ke nan. Idan suka yi kauri, gidan ya koma kurkuku. Wasu na yanka siririn zare daga takarda mai gam su manna a kan roba mai haske, wasu su tsaga layi a robar su cusa farin fenti su goge saura, wasu su sayi na tagulla da aka ci da sinadari. Sannan dole tagar ta nutsa cikin bango gwargwadon yadda take a ginin gaske, domin inuwar da ke faɗawa a wannan gurbi ita ke nuna wa ido cewa bangon yana da kauri.

Rufi kuwa shi mai kallo ya fi gani, tunda daga sama yake kallon garin. Rufin allunan dutse da takarda ake yinsa: a yanka ta dogaye, a tsattsaga kowace rabi, a jera daga ƙasa zuwa sama kowace na hawa kan 'yar'uwarta, a bar ɗaya ko biyu sun zame. Jinka ta fi ba da wuya. Ciyawar gaske ta yi kauri da yawa, don haka Roye England da gashin mutum ya fara baibaya. Daga baya aka koma ga zaren nan mai kama da rama da masu gyaran famfo ke naɗawa a bakin bututu. Ana ɗaure shi ƙananan dammuna, a manna layi bisa layi daga bakin rufi zuwa ƙololuwa kamar yadda mai baibaya na gaske ke yi, sannan a aske da almakashi da reza, a rina shi launin toka. Sabuwar jinka ce kaɗai ke da ruwan zinari, wadda ta sha damina uku ta riga ta yi duhu.

Kafin Pendon ya kafu, wani mutumin Landan mai suna John Ahern ya riga ya nuna hanya. Tun a shekarun 1930 ya fara shimfiɗarsa mai suna Madder Valley, a lokacin da yawancin mutane ke ɗora layi a kan katako tsirara su ajiye tasha ɗaya a gefe. Shi ya yi tashar jirgin ruwa da gari da ƙauye da kogi, ya sa jirgin ƙasa ya zama mai yi wa mutanen wurin hidima. Littafinsa Miniature Building Construction ya daɗe yana hannun masu koyo. Ya rasu a 1961, kuma Madder Valley tana ajiye a Pendon har yau.

A Amurka kuma John Allen na garin Monterey a Kalifoniya ne ya koya wa mutane datti. Mai ɗaukar hoto ne, idonsa ya saba da yadda haske ke faɗawa a kan abu. A 1948 ya shiga gasar mujallar Model Railroader da ɗakin ajiye kawunan jirage wanda ya gina, ya tsofar da shi da gangan, har ya ɗora tattabaru a rufi da kashinsu. Ya ci gasar, kuma tun daga nan tsofar da gini ya zama fanni mai zaman kansa. Ana tsarma baƙin fenti ya zama ruwa-ruwa a bar shi ya gangara inda ruwan sama zai bi, a sa tsatsa a ƙarƙashin ƙusa da indararo, baƙin hayaƙi a bakin bututu, gansakuka a gindin bangon da rana ba ta kai wa. Ana kuma kashe kaifin kowane launi da ɗan fari ko toka, domin gidan da ake hange daga nesa ba ya nuna ja mai tsanani ko baƙi ƙirin. Sai kuskuren da ya fi kowanne yawa: ajiye gida a kan ƙasa. Gidan gaske daga cikin ƙasa yake fitowa. Siririn baƙin layin da ke bayyana a ƙarƙashin ginin da aka ɗora kawai yana rushe aikin wata shida, shi ya sa gwanaye ke ƙara wa bango santimita ɗaya ko biyu a ƙasa, su binne shi a rami, su kawo ciyawa da turɓaya har jikinsa.

Duk da wannan bautar awo, sana'ar cike take da wayo. Kilomita ɗaya a awon OO mita 13 ne, kuma ɗakin mutane kaɗan ne ya kai haka. Don haka masana'anta mai tagogi ashirin sai a ba ta goma sha biyu, muddin an kiyaye fasalinta. Gidan da ke jikin bangon ɗaki fuskarsa kawai ake ginawa da ɗan kauri. John Allen ya riƙa ɓoye madubai don titi ya zama kamar ya zarce. Ƙungiyar Model Railway Club ta Landan, wadda aka kafa a 1910, ta fara shimfiɗarta Copenhagen Fields a 1983, tana kwaikwayon unguwannin arewa da tashar King's Cross. A can ana rage girman gidaje sannu a hankali yayin da suke nisa daga mai kallo, sai 'yan mitoci su zama kamar mil.

Wanda ya fi shahara cikin maginan yau mawaƙi ne. Rod Stewart ya shafe sama da shekara ashirin yana gina wani birni mai kama da New York da Chicago na shekarun 1940 a saman gidansa na Los Angeles, a awon HO, tsawonsa ƙafa 124, ya kira shi Grand Street and Three Rivers City. Wasu dogayen benayensa sun kai ƙafa biyar. Idan ya fita yawon waƙa yakan kama ƙarin ɗaki a otal, a fitar da gadaje, ya baza kayan aikinsa. Wasu gine-ginen daga tushe ya yi su, wasu kuma na kanti ne ya yayyanka ya sauya musu kama. Mujallar Railway Modeller ta nuna aikin a ƙarshen 2019.

Yanzu na'ura ta shigo. Mutum zai zana gini a kwamfuta, injin laser ya yanka masa kwali ko katako har da layin bulo, ko na'urar da ke fitar da abu da siffarsa ta zubo masa taga da bututun hayaƙi a roba. Ana ta muhawara ko wannan ma gini ne da hannu. Masu goyon baya na cewa awo da zane da fenti duk na mutum ne, aska kawai aka sauya, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Inda na'urar ke gazawa shi ne tsohon gida, domin ita layi miƙaƙƙe ta sani, gidan da ya shekara ɗari uku kuwa ƙololuwarsa ta lotsa, bangonsa ya yi ciki, babu kusurwarsa ɗaya da ta tsaya daidai. Sai mai zanen ya zauna ya saka kowace karkata da kansa.

Abin da aka gina da kwali da gam ba ya jure wuta ko mugun hannu. John Allen ya rasu a Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta tashi a gidansa ta cinye shimfiɗarsa Gorre and Daphetid, wadda ya shafe kusan shekara ashirin a kanta. Hotunan da ya ɗauka ne suka fi yawa cikin abin da ya rage. A watan Mayun 2019 kuma wasu matasa suka fasa wani zauren makaranta a garin Stamford na Ingila da dare, inda ƙungiyar Market Deeping ta jera kayan bajekolinta, suka tattake aikin shekaru. Ƙungiyar ta nemi taimakon fam 500. Cikin 'yan kwanaki mutane suka tara sama da fam 100,000, fam 10,000 daga ciki daga aljihun Rod Stewart.